Karan awo da jarin asusunmu

Ƴan'uwa mata, da yawanmu a Madawa, Buza da Keita kuɗin asusu muke ɗauka mu sari kifi mu soya. Ruwanmu kuwa ba kogi ba ne, tabkuna ne da madatsai, irin waɗanda aikin Keita ya shiga ginawa tun 1984. In an kwashe ƙanana ba su yi ƙwai ba, baɗi ba abin sari, bashin ƙungiya kuma yana nan.

To, yaya ake gane kifi ya isa haihuwa? Masana kan auna kifaye da yawa, su tsaga ciki su duba. Tsawon da rabin matan suka fara ɗaukar ƙwai, shi ne ma'auni. Ai mu ma kullum tsagar nan muke yi! Abin da ya rage, karan dawa mai alamar santimita, da littafi, da wadda ta yi yaƙi da jahilci ta rubuta: tsawo kaza, akwai ƙwai ko babu.

Karfasa ce ke da wuyar sha'ani. A ƙaramin tabki mai cunkoso takan fara ƙwai tana ƴar ƙarama, a babban ruwa sai ta girma sosai. Don haka awon tabkin Tabalak ba zai yi mana aiki ba, kowane ruwa da nasa. A duba bakinta ma, can macen ke riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa da damina take zubawa.

In awon ya fito, mu yanke kara daidai shi, mu kai bakin ruwa. Wanda bai kai ba, mu gaya wa masunci ba mu saye.