A Adar suna ba ya kai jika

A Ingila akwai mutanen da kan ɗauki sunan iyali guda ɗaya, irin wanda ba kasafai ake jinsa ba, su ƙare rayuwarsu suna bin sawunsa. Har ƙungiya gare su, wadda aka kafa a 1979, kowa da sunan da ya riƙe: inda aka fara rubuta shi, mutum nawa ke amsa shi a kowane zamani, garuruwan da ya bazu, da inda ya ƙare. Sunan Murgatroyd, alal misali, asalinsa sunan wani ɗan wuri ne kusa da Halifax a yankin Yorkshire. Da aka duba ƙidayar jama'a ta 1881, bayan ɗaruruwan shekaru da fara amfani da shi, sai aka tarar mafi yawan masu sunan ba su yi nisa da yankin ba. Waɗanda suka ƙetare teku kuwa ana iya bin su har Amurka da Ostareliya, don duk inda suka sauka da sunan suka sauka. Tun a 1890 wani mai suna Henry Guppy ya wallafa littafi a kan inda kowane suna ya fi yawa a ƙasar, ya kuma zaɓi ya ƙirga manoma kaɗai, saboda manomi ba ya saurin barin gonar ubansa. A 2000 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada ƙwayoyin halittar maza masu suna irin nasa, ya tarar kusan rabin waɗanda ya gwada kaka ɗaya suka haɗa ta wajen uba.

Abu biyu ne suka sa wannan aiki ya yiwu a can: suna da ake gado, da takarda da ba ta yanke ba. Gadon suna ya fara ne daga manyan masu ƙasa bayan yaƙin 1066, kafin shekarar 1400 ya game yawancin talakawa. Akwai jerin masu biyan haraji na 1377 zuwa 1381, akwai littattafan coci da aka wajabta rubutawa tun 1538, sannan rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati tun 1837.

To, a zo Tawa, a ƙasar Adar ta Nijar, a gwada. A ce wani manomi a Barmu sunansa Alhasan, ya haifi Idi. Idi zai zama Idi Alhasan. Idi ya haifi Salifu, sai a ce Salifu Idi. Ɗan Salifu kuma Musa Salifu ne. Daga Musa zuwa Alhasan tsatso ɗaya ne miƙaƙƙe, gida ɗaya, gona ɗaya, amma babu kalma ɗaya da ta haɗa sunayensu a takarda. Sunan mutum yana zama a kansa, ya zauna a bayan sunan 'ya'yansa, daga nan ya sauka. Idan ya dawo, ta hanyar takwara yake dawowa: a sa wa jariri sunan kakansa ranar suna, sannan gida duka su daina furta shi saboda kunya, su koma kiran yaron Abba ko Baba ko Maigida. Sunan yanka yana nan, liman ya raɗa shi, an yanka rago a kansa, amma wanda ke yawo a unguwa wani ne dabam.

Ga kuma ƙarancin sunayen da ake zaɓa daga ciki. Mahamadu, Abubakar, Usmanu, Ibrahim, Abdullahi, Isufu, Fatima, A'ishatu, Hadiza: da a ce wani zai zana taswirar inda sunan Mahamadu ya bazu a jahar Tawa, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta sama da mutum miliyan 3 da dubu 300, babu abin da taswirar za ta nuna masa sai inda Musulmi suke. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san yadda mushe kan kira Abdu Mahamadu yara biyu ko uku su miƙe tare, sai ya rarrabe su da babba da ƙarami, ko da sunan unguwa. Sunayen da suka fi faɗin wani abu game da mutum su ne na gargajiya, su Nomau da Shibkau da Anaruwa da Shekarau, su Tanko da Gambo da Kande, amma labarin haihuwa suke bayarwa, wato lokacin da aka haife shi da wanda ya bi. Ba sa faɗin ko jikan wane ne. A arewacin Adar, wajen Abalak da Cintabaradan, Abzinawa ma haka suke yi da nasu salon: wane ag wane, wance walat wane, ɗan wane da 'yar wane ke nan. Wanda ya san asalinsa zai jero maka kakanni da yawa a jere, amma a baki yake riƙe da su, tare da sunan ƙabilarsa.

Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, sun zo da tsarin da ya saba da wani irin suna. A ƙasarsu doka ta hana mutum amsa sunan da ba shi ne a takardar haihuwarsa ba tun 1794, a Aljeriya kuma sun tilasta wa jama'a ɗaukar sunan iyali da dokar 1882. A nan ba su kai ga haka ba. Abin da ya dami kumandan shi ne bodo da aikin tilas da ɗaukar soja, don haka magatakarda ya rubuta sunan mai gida da na ubansa yadda kunnensa ya ji, da haruffan Faransanci, a gurbin ranar haihuwa kuma ya sa cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Iyakar da Faransa da Ingila suka daidaita a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta raba har rubutun suna. Ɗan'uwa a Birnin Ƙonni shi ne Ousmane Issoufou, ɗan'uwansa a Illela ta Sakkwato, tafiyar 'yan kilomitoci, shi ne Usman Yusuf. Chaibou da Shu'aibu, Abdoulaye da Abdullahi, Mahamane da Mamman: kwamfuta ba ta san suna ɗaya ne ba.

Har wanda ya fi kowa suna a jahar bai tsira daga wannan ba. Tsohon shugaban ƙasa, haifaffen Dandaji a yankin Illela ta Nijar, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, a gida Issoufou Mahamadou ne, a jaridun waje kuma Mahamadou Issoufou, saboda Turawa sun ɗauka dole ɗaya daga cikin biyun ya zama sunan iyali, a tura shi ƙarshe. Magoya bayansa kuwa Zaki suke cewa, kowa ya gane. In haka ta faru ga shugaban ƙasa, ina ga ɗan biɗa, wato ɗan ci-rani, da ke tsaye gaban jami'in iyaka, katinsa na ɗan ƙasa ya rubuta sunan iri ɗaya, takardar allurarsa ta rubuta shi wani iri?

Amma kada a ce Ba'adare ba shi da sunan da ke tafiya da shi. Yana da shi, sunan ƙasarsa ne da na garinsu. Wanda ke son taswirar bazuwar mutanen nan, a nan zai same ta. Tarihin da Djibo Hamani ya wallafa a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya bi yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi a 1674, da yadda ya dawo ya zauna cikinta a 1721 bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas. Sarautar Sarkin Adar da ta fito daga nan, wadda ta zauna a Illela, ba ta tsaya a Illela ba. A yau hakimin Dundaye, inda babbar harabar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take, Sarkin Adar ake ce masa, kuma a cikin birnin Sakkwato akwai mazaɓun da ke ɗauke da sunan, kamar Sarkin Adar Gandu da Sarkin Adar Gidan Igwai. Jikokin waɗanda suka kai sunan can sun canza sunayensu sau da yawa, ɗa bayan uba, amma kalmar Adarawa ba ta motsa ba.

Haka abin yake ga 'yan biɗa na zamaninmu. Da an kammala girbi motoci sun fara ɗiban samari daga Kalfu da Tamaske da Keita da Buza, wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu Libiya. Saurayin da ya sauka a tasha ba ya tambayar gidan su wane. Tambayarsa ita ce ina 'yan garinsu suke kwana. Can zai tarar da wani dattijo da ya daɗe a ƙasar, ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya ce, "Yaro, ɗan wa ke nan?" Ya faɗi sunan ubansa. "Wane na gidan wa?" Ya faɗi kakansa da unguwarsu. In dattijon ya gane, shi ke nan an samu wurin shimfiɗa tabarma da wanda zai tsaya masa a ba shi kaya bashi. Tambayoyi biyu ko uku sun yi aikin da rajistar coci ke yi wa Bature. A da ma ba sai an tambaya ba, tsagar da wanzami ya yi a fuska ta riga ta amsa, sai dai wannan rubutu yana ƙarewa tare da tsofaffin da ke ɗauke da shi.

A Najeriya sunan gari ya shiga takarda kai tsaye, ta hanyar makarantar boko da aikin gwamnati: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Isa Kaita. A wasu gidaje ya zama abin gado, kamar 'Yar'aduwa, sunan unguwa a Katsina da ya bi Musa ya bi 'ya'yansa Shehu da Umaru. Laƙabin Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ma ya zama sunan zuriya har jikoki da tattaɓa kunne. Abin lura shi ne, inda suna ya tsaya ya zama gado, yawanci akwai dukiya ko sarauta ko shahara da ake so a riƙe. A Ingila ma daga masu ƙasa aka fara.

Wannan ne ya sa ba na cikin masu ganin rashin sunan iyali koma baya ne da ya kamata a gyara da gaggawa. Adar ƙasa ce da bauta ta yi wa tabo mai zurfi. Faransa ta soke matsayin bawa a doka a 1905, amma sai a 2003 Nijar ta mayar da bautar da mutum laifi a kundin hukunci, kuma har yau akwai gidajen da ake bincika asali kafin a karɓi goron aure. Benedetta Rossi, wadda ta yi bincike mai tsawo a yankin Keita ta kuma wallafa littafi a kansa a 2015, ta nuna yadda 'ya'yan bayi da barori suka yi ta tafiya, suna kama sana'a, suna komawa magana da Hausa, har su zama Hausawa a inda suka sauka. Paul Lovejoy ya nuna irin wannan a tarihin Agalawa da Tokarawa, fataken goro na ƙasar Kano. Da a ce kowa na ɗauke da tambarin gidan da kakansa ya yi wa bauta a katinsa, da wannan ƙofa ba ta buɗu ba. Sunan da ke sauka bayan ɗa ya bai wa jikoki da yawa damar a auna su da halinsu da aikinsu, kuma wannan alheri ne babba.

Hasarar ma tana nan, ba na ɓoye ta. Mata ne suka fi ɓacewa: sunan uwa ba ya bin kowa, a takardun hukuma kuma matar aure takan koma ƙarƙashin sunan mijinta. Rigimar gona da ta kai jikoki sai da shaidar tsofaffi, tsofaffi kuma suna tafiya. Sannan takarda ta riga ta fara daskarar da sunaye ba tare da an yi shawara ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna yaran da aka yi wa rajistar haihuwa sun tashi daga kusan kashi 32 cikin 100 a 2006 zuwa kusan 64 a 2012, an kuma sabunta dokar rajistar a 2019. Yaron da aka haifa a Abijan ko Faris, inda fom ke neman sunan iyali, yakan tashi da sunan kakansa a matsayin na dindindin, ɗan baffansa da aka haifa a Afala kuma yana bin tsohon tsari. Uba ya je ofishin magajin gari, ma'aikaci ya ce, "Malam, sunan yaro?" in ɗan fari ne mai sunan mahaifinsa, sai ya yi jim, ya bar abokin rakiyarsa ya faɗa. Abin da ma'aikacin ya rubuta a wannan minti, da kuskurensa, shi zai bi yaron zuwa jarrabawa da fasfo, gyara shi kuma sai an je gaban alƙali.

Abin da nake ganin ya fi gaggawa shi ne hukuma ta tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna da jeri ɗaya na sunan mutum da na ubansa, ta kuma bar gurbin sunan kaka da na uwa a rajista, ba tare da tilasta wa kowa gadon suna ba. Sauran aikin na masu bincike ne. Nicole Échard ta zauna da manoman Adar ta rubuta tarihin ƙaurarsu daga bakinsu, littafinta ya fito a 1975, kuma akwai takardun ƙidayar zamanin Faransa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai. Jami'ar Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, tana da ɗalibai daga sassan jahar. Da yawansu na da waya mai ɗaukar murya, kuma a Bilbis da Fakawa, tsofaffin unguwannin da garin Tawa ya tashi daga gare su, akwai tsofaffin mata da za su iya jero wanda ya haifi wane, da garin da kowane ɗa ya tafi biɗa bai dawo ba.