Kowace Albasa da Lokacin Farkawarta

Duk wanda ya ratsa shataletalen Gawon Nama da tsakar rana a watan Afrilu ya san zafin Sakkwato, inda ma'auni kan haura digiri 40. Amma a wannan garin ma akwai masu son ƙawata gida da ke ganin hoton wani shuɗin fure a waya, su ji ina ma a ce a tsakar gidansu yake.

Sunan furen Muscari. Ƙananan furanninsa na cure a kan kara ɗaya kamar nonon inabi, tsayinsa bai wuce taƙi ba. Asalinsa daga Turkiyya ne da ƙasashen bakin Bahar Rum. A lambun Keukenhof na ƙasar Holan, ana shuka shi a jere har ya yi kama da kogi.

Daga kai yake tsirowa, kamar albasarmu. Wannan kai rumbu ne: ganye ya haɗa abinci da hasken rana, ya tara a ƙarƙashin ƙasa, sannan shukar ta yi barci. Abin da ke tashinta shi ne sanyi. Turawa kan binne kan tsakanin Satumba da Nuwamba, zurfin kamar santimita 8, ya shafe kusan wata 3 cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba. Idan bai sha wannan sanyi ba, ganye kawai zai yi. Hunturunmu kuwa, duk rawar ɗarin da yake sa mu da asuba, rana na ɗagawa ya saki.

Manoman Wurno da Goronyo da Aliero ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Sun san albasa amfanin rani ce: a yafa iri bayan damina, a yi dashe da shigowar hunturu, a bar lawashi ya ƙoshi cikin sanyi, kai ya ɗaure yayin da zafi ke ƙaratowa, a cire a zuba a rudu. Mai son iri kuma sai ya sake binne kan, ya fitar da kara mai farin fure. Haka ake yi har Galmi ta Nijar, wadda albasarta ta yi suna a Afirka ta Yamma.

Muna ma da namu furen. Albasar kwaɗi kan kwana a ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko na sauka ta farka da manyan furanni farare masu ratsin ja. Ba a cin ta, don tana da guba, amma ga ido ba ta da makusa. Ita ruwa take jira, ba sanyi ba.

Kafin ka kashe kuɗi a kan furen wata ƙasa, tambayi abin da ke tashinsa daga barci. In sanyin Turai ne, bar shi a hoto, ka nemi wanda ya san daminar Sakkwato.