Kafin ka biya kuɗin "i7", karanta lambar da ke bayansa

Da watan Oktoba ya kama, makarantu suka koma, tambaya guda ce take yawan shigowa shagona na buga takardu a Tahoua. Ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a, malamin makaranta daga Keita ko Kalfou, uwargidan da ke riƙe da lissafin ƙungiyar mata a Tabalak, kowa da hoton kwamfutar tafi-da-gidanka a wayarsa, wadda wani yaya ko kawu da ke bida a Abijan ko Kano ya turo. "Malam, i7 ce. In ce ya saya?"

Ba na iya amsawa sai na ga sauran lambar. Furosesa, wato ɗan guntun da ke yin duk lissafin kwamfuta, yana da suna mai kashi biyu, kuma 'yan kasuwa kashin farko kaɗai suke ɗaga murya a kai. Kamfanin Intel ya fi shekara goma yana buga i3 da i5 da i7 a kan kayansa, zubi bayan zubi. Dubi waɗannan biyu: i7-3520M da i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin. Na farko zubi na 3 ne, na shekarar 2012, zuciyarsa biyu, wato sassa biyu ne ke aiki a lokaci guda. Na biyu zubi na 8 ne, na 2017, zuciyarsa huɗu. Wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi tattalin wuta. Mai sayen raƙumi a kasuwa haƙora yake buɗewa ya duba, ba ya tsayawa kan adon akala. Daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko za ka karanta, kamar i5-1135G7, wanda zubi na 11 ne.

Harafin ƙarshe kuwa, a nan Adar ya fi muhimmanci fiye da yadda yake a Turai. U na nufin furosesa mai cin wuta kaɗan, wajen wat 15. H na masu wasannin kwamfuta ne da masu haɗa bidiyo, yakan kai wat 45. Duk wutar da furosesa ya ci, zafi take komawa, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin gari kansa ya wuce maki 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƴar fankar ciki. Idan furosesa ya kusa maki 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai ka ga kwamfutar da aka saya da tsada tana jan ƙafa da tsakar rana. Wanda ya zauna a Nijar a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya san darajar batirin da ke kai mutum la'asar. A ƙauyukan da faifan sola guda ke cajin wayoyin gida duka, kwamfuta mai H nauyi ce a kan kowa. Mai rubutu a Word, da lissafi a Excel, da duba intanet da kallon darasi a YouTube, U ya ishe shi har da saura.

Dalilin da nake kafewa a kan zubi na 8 ba sauri ba ne kaɗai. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta sa a matsayin ƙarshen kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka gaza zubi na 8. A ɓangaren furosesan kamfanin AMD, a kwamfutar tafi-da-gidanka daga Ryzen 3000 take farawa, kuma Ryzen 5 3500U na 2019 abin saye ne idan ka same shi. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 cikin tsohuwar kwamfuta, ta kuma tashi lafiya a gabanka. Ganinta a allo ba shaida ba ce cewa kwamfutar ta cancanta. Wannan yana damuna ƙwarai, domin tsofaffin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama saboda wannan dalili, kasuwanninmu suke nufowa, mai ƙaramin ƙarfi ne kuma zai kwasa.

Sai masu cewa su sabuwa dal suke so, a kwali. Na fahimce su. Amma sabuwa mai arha sau da yawa Celeron ce, irin N4020, zuciya biyu, da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 4 da aka liƙe ba a iya ƙarawa. Buɗe shafuka biyar tare da Word, ka ga yadda take numfashi. Idan dole sai sabuwa, nemi Intel N100 na 2023, mai zuciya huɗu da ke cin wat 6 kacal. Ni dai da kuɗina, gara tsohuwar ofis mai ƙwari: ThinkPad T480, ko Dell Latitude 5490, ko HP EliteBook 840 G5. An yi su don a kwance a gyara, kayansu kuma ana samu.

Ƴan jikunan da ka rage ta hanyar barin i7, zuba su a RAM giga 8 da ma'ajiyar SSD. Ko i3 na zubi na 8 mai SSD ya fi i7 mai tsohon faifai mai juyawa saurin tashi.

A shago, kada takardar da ke manne a jikin kwamfuta ta ishe ka, ana ɓare ta a manna wata. Ka ce a kunna, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin da ke nuna aikin furosesa. Cikakken sunansa yana sama, yawan zuciyoyinsa yana ƙasa. Ka cire caja ka zauna kana hira da mai shago, kana kallon yadda batiri ke sauka, hannunka kuma a kusa da inda iska ke fita. Idan daga nesa ake saye, ka ce wa Yaya ya ɗauko hoton wannan shafin, ba hoton murfi ba. Ka kuma roƙe shi ya dubi layin haruffa na sama: kayan Najeriya yawanci QWERTY ne, alhali ɗalibin da zai rubuta kundinsa da Faransanci AZERTY ya saba da shi, mai é da è da ç a kusa da yatsa.