Asuwaki da Makilin a Zangon Agege

Goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suka riƙa sauka a tashar nan suna sayen goro suna lodinsa zuwa Arewa, har Zango ya zama unguwa mai sarkinta. Jikokinsu yau suna jin Yarabanci kamar ƙabilar garin, amma asuwakin kakanni yana nan a aljihun gaba na riga, kusa da carbi.

Abin da ya riƙe shi salla ce. Duk yaron da ya karanta Ahalari a makarantar allo ko Islamiyya ya san asuwaki yana cikin mustahabban alwala, don haka ba sai an yi wa kowa wa'azin tsafta ba. Da asuba za ka tarar da magidanta tsugune a bakin kwata, buta a gefe, ana tauna kan icen har ya yi laushi ya baje, a goga sama da ƙasa, a kankare harshe, a kurkure. In ya tsufa a datse kan da reza, a buɗe sabo. Da azumi kuwa malamai kan ce a nemi busasshe, kada ɗanɗanon ɗanye ya wuce maƙogwaro.

Icen kansa ya zama ruwa biyu. A ƙofar masallaci, wajen masu turare da hula, ana sayar da na arak, wanda alhazai ke tsaraba da shi daga Makka. Wasu kuma reshen darbejiya suke karya, su jure ɗacinsa. Amma zaman Kurmi ya koya wa mutane na maƙwabta: pako Ijebu, da orin ata mai sa baki ya yi zir-zir kamar an tauna yaji. Shi wannan na biyun saiwar fasaƙwari ce, wadda mutanenmu suka daɗe da sani a kayan ƙamshi. Tsofaffin mata har yanzu sukan daka gawayi da gishiri su dirje haƙora da yatsa. Yana fitar da jan goro, gaskiya ne, sai dai yau da gobe yana cinye fatar haƙorin, shi ya sa za ka ji mutum yana kukan ruwan sanyi na tsarga masa.

Buroshi da makilin sun shiga kowane gida, musamman inda ake da 'yan makaranta, amma aikinsu na safe ne kawai, kafin karin kumallo. A nan nake ganin al'adar ta bar giɓi. Mutanen da suka kafa Zango tuwo da fura suka sani. Na yanzu, bayan isha'i sai teburin mai shayi: madara, sukari cokali uku, ga burodin Agege mai laushi da ke manne wa matauna. Yara kuma alawa da lemon kwalba. A haka ake kwanciya, alhali cikin barci yawu kan ragu, ƙwayoyin cuta su juya sukarin nan ya zama tsami mai huda haƙori. Babba ya goge baki sau biyar a wuni, ya bar wanda ya fi muhimmanci, yaro kuwa ba ya ma riƙe asuwaki. Likitocin haƙori sau biyu suke so, da safe da lokacin kwanciya, da man da ke da sinadarin fuloraid, wanda ice ba ya maye gurbinsa.

In ciwo ya zo, kanumfari ake fara dannawa a kogon, a kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, a sayi ƙwaya a kemis. Jinin dasashi ba a ɗauke shi komai ba. Asibitin koyarwa na LUTH, mai makarantar likitocin haƙori, yana Idi-Araba, wata unguwar da Hausawa suka cika, na LASUTH kuma yana Ikeja, kusa da Agege. Duk da haka yawanci sai kumatu ya kumbura ake zuwa, lokacin da ciko ya wuce, sai cirewa.