Sarkin Yaƙin da Ya Kwanta Dama a Malam Fatori

Mai karatu, a ce mahaifinka Birgediya Janar ne mai ritaya, ya taɓa zama gwamnan soja na Jihar Bauci, daga baya kuma ya zama sarki mai sanda a ƙasar Bassa Nge ta Jihar Kogi. Kai ma ka shiga soja. Tsakani da Allah, wane wurin aiki za ka nema? Ofis mai sanyi a Abuja, ko cikin tankar yaƙi a gaɓar Tafkin Chadi, inda ƙarfe ke ɗaukar zafi har ya gagari tafin hannu?

Muhammad Abu Ali, wanda haka nasa mahaifin yake, cikin tanka aka same shi.

An haife shi a 1980, ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ya shiga rundunar tankoki. Shiru-shiru ne, ba ya da jikin da zai tsorata kowa. Sai ranar wanka ta zo.

A ranar 3 ga Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Baga, suka tarwatsa sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke can, suka kwashe kwanaki suna kisa. Masunta da manoma suka faɗa ruwa, wasu suka maƙale a tsibirai, wasu suka tsallaka Chadi da Nijar. A lokacin soja da yawa sun karaya, kowa ya san haka. In kai ne aka ce ka nufi garin da ƙwararru suka gudo daga cikinsa, ƙafarka za ta ɗauke ka?

Manjo Abu Ali ya jagoranci tankokin T-72 zuwa can. A watan Fabrairu Monguno ta dawo hannu, Baga ta biyo baya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shaidar ƙananan sojojinsa, waɗanda ba su da dalilin yi masa fadanci: sun ce ba ya tura su gaba ya tsaya a baya, tankarsa ce ke fara shiga wuta. Ko ka san abin da wannan ke yi wa zuciyar kurtu? Wanda jiya yake neman hanyar tsira, yau sai ka ga yana gudun kada a bar shi a baya. Daga nan laƙabin Sarkin Yaƙi ya bi shi.

A Satumban 2015, bayan ƙwato Gamboru Ngala, babban hafsan sojin ƙasa Laftanar Janar Tukur Buratai ya je har fagen daga ya maƙala masa muƙamin Laftanar Kanar tun kafin lokacinsa ya yi, ga kuma lambar yabo ta jarumta. Yawancin mutane a nan za su ce sun yi nasu, a turo wani. Kai fa?

Shi dai ya ci gaba da zama a Barno, yana kwamandan bataliyar tankoki ta 272. Gwamnati ma ta riga ta shelanta cewa an karya lagon Boko Haram, hankalin jama'a ya fara komawa kan tsadar shinkafa.

Sai daren Juma'a, 4 ga Nuwamban 2016. A Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam, daf da iyakar Nijar, mahara suka auka wa sansanin soja cikin duhu. An kore su. Amma da ƙura ta lafa aka ƙirga, mutumin da ya fita lafiya daga Baga da Monguno da Gamboru yana cikin waɗanda suka kwanta dama, tare da wasu sojoji shida. Shekararsa 36. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ya kuma bar mahaifin da ya yi ritaya daga soja da ransa.

Ranar 7 ga Nuwamba aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Buratai, wanda ya maƙala masa muƙami da hannunsa a Gamboru, ya tsaya gaban akwatunan da aka lulluɓe da tuta, hawaye suka ƙwace masa a gaban jama'a. Mako bakwai bayan haka aka sanar da kame sansanin Boko Haram da ke tsakiyar dajin Sambisa. Sarkin Yaƙi bai ji wannan sanarwa ba.