Ranar da fiyano ya manta da kiɗan mai shi

A daren wani buki da aka yi cikin unguwar Birni, nan Damagaram, mun ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. An jera kujerun haya, ƙawayen amarya sun ci ado, uban amarya kuwa, wani ma'aikacin gwamnati, ya riga ya biya rabin kuɗin kiɗa. Sai makaɗin fiyano ya soka katinsa na ajiya domin ya kirawo kiɗan da ya shirya wa amarya, na'ura ta nuna masa kati fayau, babu kome ciki. Ya zare, ya hura, ya mayar, ba labari. Daga ƙarshe da kiɗan Turawa da ya zo tare da na'urar aka yi rawa, matan kuma ba su ɓoye rainin da suka yi masa ba.

Mai karatu zai ce ai abin dare guda ne. Ba haka ba ne. Fiyanon da ake ƙerawa a Japon bai san kalangu ba, bai san kotso ba. Makaɗi ne ke zama dare da rana yana gina waɗannan kiɗe-kiɗe bugu bayan bugu, yana daidaita sautin sarewa da na gurmi har su yi kama da namu, sannan ya adana su cikin ɗan katin da bai kai akwatin ashana ba. Wannan shi ne jarinsa, kamar yadda kaya ke cikin rumfar ɗan kasuwa. A zamanin su Ma'azu Ɗan Alalo, kiɗa na cikin hannun makaɗa, waƙa na cikin kan ƴan amshi, idan ɗaya ya manta ɗan'uwansa ya tuna masa. Makaɗin fiyano shi kaɗai ne da katinsa.

Na'urar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a Yamai, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano irin su Sangaya suka sa kunnen Bahaushe ya saba da sautin Yamaha. Amma mafi yawan fiyanon da ke iso mana ta Kwatano da Legas da Kano na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su zo, kuma a nan ne tushen rigimar yake: kowane fiyano katin zamaninsa kawai ya sani. Yamaha PSR-2000 na 2001 da disket yake aiki, wanda ba ya ɗaukar fiye da megabait 1,44. PSR-3000 na 2004 yana da ramin katin SmartMedia, wani siririn kati da kamfanin Toshiba ya fito da shi a 1995, wanda mafi girmansa megabait 128 ne, an kuma daɗe da daina ƙera shi. Korg Pa50 da disket ya fara, daga baya aka yi Pa50SD mai karɓar katin SD.

Shi kansa katin SD ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya rarrabewa. Na farko ya tsaya a jigabait 2. A 2006 aka fito da SDHC wanda ke kaiwa 32, a 2009 kuma SDXC wanda ya zarce haka, kowanne da tsarin da ake rubutu a cikinsa: FAT16, FAT32, exFAT. Na'urar da aka ƙera domin kati na farko ba za ta karanta na biyu ba, ko da sabo ne fil daga cikin leda. To, ga makaɗi ya je kasuwar Dole ya ce a ba shi mafi girma, domin a ganinsa babba ya fi. Ya koma gida fiyano ya ƙi, ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali kati lafiyarsa lau. Ɗan kasuwar da zai tambayi mai saye sunan na'urarsa da lambarta kafin ya miƙa kaya ya raba kansa da wannan faɗa. Ƙananan katunan nan da aka jibge a ƙasan akwati don masu salula sun raina su, su ne makaɗa ke nema ruwa a jallo.

Amma fa akwai cutar gaske, kada mu wanke kowa. Akwai katin jabu da aka rubuta masa jigabait 32 ko 64, alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba musu, idan ya cika sai ya riƙa taka tsoho da sabo, ko ya zubar da sabon, sunayen waƙoƙi na nan reras amma ba mai buɗuwa. Sau da yawa shi kansa mai rumfar bai sani ba, haka ya saro. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw wadda ke cika kati maƙil sannan ta karanta, ta faɗi ainihin girmansa. Mai sari da yawa ya kamata ya gwada ɗaya daga kowane ƙunshi.

Sai maganar wuta. Damagaram ta daɗe tana shan wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma ba wanda ya manta yadda aka katse ta daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024, makaɗa suka koma ga ƙananan injuna masu tari. Lokacin da fiyano ke rubuta wa kati, yana gyara wani ɗan jadawali da ke nuna inda kowane kiɗa yake kwance. Wuta ta ɗauke a wannan ƙiftawar ido, ko mai gaggawa ya fizge kati, jadawali ya lalace. Kiɗan na nan ciki, hanyar zuwa gare shi ce ta ɓace. Nan take na'ura za ta tambaya ko a wanke katin, a nan ne kuma mutane da yawa ke yanka kansu da hannunsu, su danna amincewa. Abin yi shi ne a ce a'a, a zare kati, kada a ƙara rubuta masa ko da abu guda, a kai wa mai kwamfuta ya bi shi da manhajar tono irin su PhotoRec. Wankewa sai bayan an kwashe abin da za a iya kwashewa, kuma cikin fiyanon da zai yi aiki da shi ya fi dacewa a yi ta.

Sauran ƙananan abubuwa ba su buƙatar dogon bayani. Katin SD yana da ɗan makulli a gefe, idan ya zame ƙasa ba a iya ajiye kome. Ƙurar hunturu tana toshe bakin rami, a share zinariyar kati da ƙyalle busasshe, ba da yawu ba. Wanda ya sauya wa kiɗa suna ko ya matsar da shi wata jaka, kada ya yi mamaki idan maɓallin da ya ɗaura masa ya neme shi ya rasa. Masu tsohon fiyano na disket kuwa, akwai wata ƴar na'ura da ake kira Gotek, ana cire mai karanta disket a sa ta a gurbinsa, ta mayar da kile guda tamkar disket ɗari.

Mu koma ga makaɗinmu na Birni. Da aka bincika, ashe ranar jajibiri ya kai katin wurin masu zuba waƙoƙi a salula domin a ƙara masa wata sabuwar waƙar Kano. Kwamfutar wurin tana ɗauke da ƙwayar cutar nan da duk ma'aikacin biro ya sani, wadda ke ɓoye jakunkuna ta bar inuwarsu kawai. Kwamfuta na bin inuwar ta kai ga kaya, fiyano kuwa bai iya ba, shi ya sa ya ga fayau. Wani yaro mai gyaran salula a Zango ya cire ɓoyon cikin ɗan lokaci, kiɗe-kiɗen suka dawo gaba ɗaya. Da aka tambaye shi ko yana da kwafi a wani wuri, sai ya ce shekara uku ke nan yana niyya. A ranar ya sayi kati biyu, ɗaya ya ba uwargidansa ta jefa cikin adaka. Ragowar kuɗin bukin kuwa, har yau uban amarya bai biya ba.