Rina gira da gashin ido: Haɗarin da ke ɓoye cikin baƙin rini

A shekarar 1933, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya karaɗe shagunan kwalliya a Amurka. Ba a jima ba wasu mata suka fara zuwa asibitoci da kumburarrun idanu da gyambo. Wasu sun makance, mace ɗaya kuma ta rasu.

Wannan lamari na cikin abubuwan da suka sa Amurka ta kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya a 1938, wadda ta ba hukumar FDA ikon sa ido kan kayan kwalliya.

Sinadarin da ya yi wannan ɓarna, wanda ake kira PPD, bai ɓace ba. Har yau yana cikin yawancin rinin gashin kai mai duhu, kuma shi ake zubawa a baƙin lalle, wato dayis, domin ya kama da wuri ya yi baƙi wuluk. Lalle na asali ja yake bayarwa.

Matsalar ita ce fatar ido ta fi ta sauran jiki laushi, kuma jiki ba ya mantawa da PPD. Matar da dayis ya taɓa feso wa ƙuraje a hannu na iya kumbura fiye da na farko idan sinadarin ya taɓa girarta, ko da bayan shekaru. Sau da yawa alamun ba sa bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Amaryar da aka yi wa rini ana jibi biki na iya wayar garin ɗaurin aure ido a rufe.

Shi ya sa kwalayen rinin gashin kai ke ɗauke da gargaɗin kada a shafa shi a gira ko gashin ido. Likitocin fata kuma na ba da shawarar a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura.

Mai son yin rini ta nemi ganin kwalin abin da za a shafa mata, ta guji haɗin da ba shi da suna. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsafta na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti. Wadda jikinta ba ya karɓar rini kuwa, jagira ta wadatar, tunda da dare wankewa za a yi.